Katin bashin Auta da shagon Alhaji a Maraɗi

Lamarin nan na 'yan'uwa biyu ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Yayan yana da shagon wayoyi da kwamfutoci na hannu kusa da babbar kasuwar Maraɗi, Alhaji zan riƙa ce masa. Ƙanen, wanda kowa a gida ke kira Auta, ya daɗe a birnin Niyok yana tuƙin tasi, kuma shi ke sayo wa shagon kaya a can. Ni ke riƙe wa Alhaji littafin lissafi, shi ya sa maganar ta faɗo hannuna. Da yardarsu na rubuta ta, domin gidajen da ke da ɗa a Amurka ba kaɗan ba ne a garin nan, kuma shawarar da Auta ya zo da ita wasu ma za su zo da irinta.

Ga yadda harkarsu ke tafiya. Auta na bin shafukan sayar da kayan hannu a intanet yana tsinto wayoyi da kwamfutoci, na kimanin dalar Amurka 3,000 a wata, wani watan ya ɗara, wani ya gaza. In kaya sun taru sai ya sa su a jirgi zuwa Yamai, a biya duwan, wato kwastan, a ɗora su a motar safa su yi tafiyar fiye da kilomita 600 zuwa Maraɗi. Da wuya Alhaji ya aika masa kuɗi. Auta na ginin gida a unguwar Zariya, ga kuma hidimar mahaifiyarsu, saboda haka Alhaji ke sayen siminti da ƙarfe, ya sallami magina, ya yi cefanen Hajiya, ni kuma in rubuta, a cire daga kuɗin kaya. Dalar da Auta ya samu a tasi, ita ke biyan katin bashin da yake sayen kayan da shi a can.

Da ya zo Babbar Sallah sai ga shi da katunan bashi uku na bankuna uku, dukansu masu mayar wa mai su wani kaso na abin da ya kashe. Tun kafin ya taso ya riga ya sa sunan yayansa a ɗaya daga ciki a matsayin mai amfani na biyu, an bugo masa nasa.

"Yaya, kuɗi ne muke bari a ƙasa," in ji Auta. "Duk abin da ka saya da wannan, banki zai mayar maka da wani abu. Ka riƙe shi, ka riƙa biyan komai da shi."

Alhaji ya juya katin a hannu ya ce, "Auta, banki ne zai yi mini kyauta? A kan me?"

Auta ya ce haka tsarin yake a can. Alhaji ya karɓa don kada ya gwale ƙanensa. Bayan wata biyu Auta ya kira da dare hankali a tashe, ya ce takardar wata ta fito, kuma abin da aka caje shi ya ninka abin da aka mayar masa. Washegari Alhaji ya ajiye mini katin a kan tebur ya ce, "Malam, duba mana wannan abin tun daga tushe." Na sa Auta ya turo mini takardun watannin baya na katunan uku ta WhatsApp, haɗe da sharuɗɗansu.

Na farko na bankin Citi ne, mai suna Double Cash. Yana mayar da kashi 2 cikin 100 a kan kowane irin saye, amma a rabe: kashi 1 lokacin da ka saya, ɗayan kuma sai ka biya bashin. Ba shi da kuɗin shekara, sai dai yana ƙara kashi 3 a kan duk sayayyar da aka yi a wajen Amurka. Na biyu na Chase ne, daga jerin katunansu na Freedom. Shi ne mai lambar da ta fi ɗaukar ido, kashi 5, kuma shi Auta ya fi alfahari da shi. Amma kashi 5 ɗin na wasu rukunan kaya ne da ke sauyawa duk bayan wata uku, yau gidajen mai, gobe kantunan abinci, kuma sai mutum ya shiga ya yi rajistar rukunin da kansa, sannan iyakarsa dala 1,500 a cikin watanni ukun. Ko ka cika iyakar, dala 75 ce ladarka. Sauran sayayya ta yau da kullum kashi 1 ce, ga shi shi ma yana da kashi 3 na waje. Na uku na Capital One ne, Quicksilver, mai kashi 1.5 a kan komai, babu kuɗin shekara, babu cajin waje. Sharuɗɗan kati suna sauyawa, amma abin da na tarar a takardunsa ke nan.

Tambayar da Alhaji ya yi ran nan ita ce ta fi cancanta a fara amsawa, domin banza ba ta kai zomo kasuwa. Duk sanda aka biya da katin bashi a Amurka, mai kanti ba ya karɓar kuɗinsa cif. Ana cire masa la'ada, galibi tsakanin kashi 2 da 3, kuma mafi yawanta bankin da ya ba da katin ke ɗauka. Daga cikinta yake gutsurowa ya mayar wa mai kati, don ya ci gaba da zaro nasa katin ba na wani bankin ba. Mai kanti kuwa ya riga ya zuba la'adar a cikin farashi. Kamfanin Discover ne ya yayata wannan salo a tsakiyar shekarun 1980, sauran suka biyo baya. Inda la'adar ba ta da kauri, kason mayarwa ma ba ya kauri: Tarayyar Turai ta ƙayyade rabon banki a kashi 0.3 kan katin bashi tun 2015, shi ya sa ɗan'uwanmu da ke Faransa ba ya samun abin da na Amurka ke samu. Ɗaya rijiyar da bankin ke sha kuwa ita ce kuɗin ruwan waɗanda suka kasa biya a kan lokaci. Zan dawo kanta.

Da na gane haka sai na buɗe littafin Alhaji, na bi kashe-kashensa layi-layi ina tambayar abu ɗaya: wannan, ana karɓar kati a wurin? Hayar shago, a'a. Albashin yara, a'a. Mai siminti kuɗi yake so a hannu, ko a tura masa ta Nita ko Amana. Magina ranar Alhamis suke jiran nasu, a ƙirga a ba su. Hatsin gida, kabu-kabu, dako, gudummawar biki da ta suna, duk hannu da hannu ne. In ya tsallaka Ɗan Isa zuwa Jibiya da Katsina, sefa yake canzawa zuwa naira wajen 'yan canjin da ya saba da su. A cikin kusan miliyan 2 na sefa da ke fita ta hannunsa a wata, abin da zai iya bi ta na'urar kati bai wuce jika 100 ba, wato sefa 100,000: kwanan otal in ya je Yamai fitar da kaya, da 'yan biye-biye na intanet.

To, a kan jika 100 ɗin nan ma me zai samu? Da katin Citi za a mayar masa kashi 2 a caje shi 3, ya tashi da asarar jika 1. Da na Chase a ba shi 1 a karɓi 3, asarar jika 2. Na Capital One ne kaɗai zai bar masa riba, sefa 1,500 a wata. Wato katin da ya fi ƙanƙantar lamba a talla shi ne ya fi sauran da zarar an baro Amurka, kuma ko shi ɗin abin da zai kawo bai kai kuɗin man babur na mako ba.

Alhaji mutum ne mai cika alkawari. Ya ce wa ƙanensa zai yi amfani da kati, ya duba bai ga inda zai miƙa shi ba, sai ya tafi injin cire kuɗi na wani banki ya zaro jika 300 ya sallami magina. A tunaninsa ya kashe kuɗi da kati ke nan, kaso na nan tafe. Ba zan faɗi wane kati ba ne, domin a wannan babin hukuncinsu kusan ɗaya ne, kuma yana rubuce a sharuɗɗa. Cire tsabar kuɗi da katin bashi rance ne kai tsaye. Ba a mayar da ko sisi a kansa. Akwai cajin cirewa na kusan kashi 5, kuɗin ruwansa ya fi na sayayya tsada, yana kusantar kashi 30 a shekara, kuma daga ranar da aka cire yake fara hawa, babu kwanakin rangwame. In aka ɗauki dala a sefa 600 don sauƙin lissafi, jika 300 dala 500 ke nan: dala 25 ta caji, kusan dala 12 ta ruwan wata ɗaya, ban da abin da mai injin ya ɗauka. Fiye da jika 22 suka tafi a kan kuɗin da Alhaji yake da ninkinsu a aljihun teburinsa. Tura kuɗi gida da katin bashi ta kamfanonin aike ma galibi haka ake lissafa shi, kuma na ja kunnen Auta a kan wannan tun kafin ya gwada.

Katin da Alhaji ke da shi na bankinsa a nan Maraɗi ya fi masa duk ukun, ko da yake ba ya mayar da komai. Mafi yawan katunan da bankunanmu ke bayarwa na cire abin da ke asusunka ne, ko wanda ake zuba masa kuɗi tukuna. Suna bin hanyar GIM-UEMOA da ta haɗa bankunan ƙasashe takwas masu amfani da sefar yammacin Afirka, kuma tun ranar 1 ga Oktoban 2014 babban bankin BCEAO ya sa wasu hidimomi 19 su zama kyauta, ciki har da cire kuɗi a injin bankinka da biya da kati a cikin yankin. Mutum na biyan kuɗin katin na shekara, amma kuɗinsa yake kashewa, ba canji, ba ruwa. Wannan ɓangaren bai ɗauke mu dogon lokaci ba.

Abin da ya fi damuna ba jika 22 ɗin ba ne. Ina cikin duba takardun Auta na ga wani layi da ke maimaituwa kowane wata tun kafin Alhaji ya taɓa kati, layin kuɗin ruwa.

A kan takarda lissafin Auta na da kyau. Kayan dala 3,000 da katin kashi 2 na kawo dala 60 a wata, dala 720 a shekara, abin da ya haura jika 400. Ba kuɗin rainawa ba ne, buhunan siminti ne masu yawa. Na Capital One zai ba shi dala 45 a wata, na Chase dala 30, sai fa in an dace rukunin watannin ya faɗo kan shafin da yake saye. Saboda haka a sayayyar cikin Amurka na Citi ne a gaba, ba gardama. Sai dai duk wannan ya rataya ne a kan sharaɗi guda, a biya bashin wata gaba ɗaya kafin wa'adi. Ana rufe lissafin kati duk bayan kusan kwana 30, sannan dokar Amurka ta 2009 ta wajabta a ba mutum aƙalla kwana 21 kafin ranar biya. Kayan da aka saya a farkon zagaye na da kimanin kwana 50 ba ruwa, na ƙarshen zagaye kuwa mako uku kacal.

Yanzu a dubi tafiyar waya ɗaya. Auta ya saye ta, ta zauna a ɗakinsa mako biyu ana jiran kaya su cika. Ta hau jirgi, ta yi kwanakinta a duwan, ta iso Maraɗi. Alhaji ba ɗai-ɗai yake sayar da yawancin kayansa ba. Yaran Tasawa da Dakwaro da Mayahi da Gidan Rumji ke ɗiba bisa amana, su riƙa kawo kuɗi kasuwa bayan kasuwa. Kafin kuɗin wayar nan ya dawo cikakke an yi wata biyu, wani lokaci uku. In kuwa kaya masu nauyi ne da suka biyo ruwa, tun da aka rufe iyakar Benin a 2023 ta Lome da Burkina Faso suke zagayowa, ba mai iya yanka musu rana. Kasuwarmu a kan haƙuri da amana take tafiya, wa'adin kati kuwa ba ya jin ba ni zuwa kasuwa mai zuwa.

Saboda haka Auta ya riƙa biyan abin da ya samu, rabi ko abin da ya ɗara, sauran ya kwana. Ruwan katunansa duk ya haura kashi 20 a shekara, kamar yadda ya zama ruwan dare a Amurka a 'yan shekarun nan. A ɗauke shi kashi 24, wato kashi 2 a wata. Bashin dala 3,000 da ya ƙetare wata ɗaya ya ci dala 60, daidai da abin da aka mayar masa. Ga wani abin da shi kansa bai sani ba: da zarar an bar saura, kwanakin rangwame sun faɗi, sabuwar sayayya ma daga ranar da aka yi ta take fara tara ruwa, har sai an share bashin kaf. Da na haɗa watannin da ya turo mini, ruwan da ya biya ya zarce kason da ya karɓa. A manhajar wayarsa lambar kason ce a sama da manyan haruffa, ita yake kallo in ya tsaya jiran fasinja. Layin ruwan na can cikin takardar wata, wadda ba ya buɗewa. Ban ga laifinsa ba. Mutumin da ke kwana a kan sitiyari don ya gina wa uwarsa ɗaki, in ya ga an rubuta masa dala 60 kyauta, dole ransa ya yi fari.

Na faɗa wa Alhaji wani abu kuma da nake ganin ya fi kuɗin nauyi. Bashin katin nan, ko wa ya kashe, a wuyan Auta yake. Mai amfani na biyu ba a bin sa komai. A Amurka mai hulɗar bashi da banki na da makin amana, daga 300 zuwa 850, kuma tarihin biya a kan lokaci da yawan bashin da ke kan kati su ne suka fi nauyi wajen auna shi. Jinkirin kwana 30 in aka shigar da shi, shekara bakwai yake yi a tarihin mutum. Makin nan ake dubawa kafin a ba shi hayar gida ko bashin motar da yake neman abinci da ita. Ashe duk ranar da wani yaro a Dakwaro ya ce a yi masa haƙuri, sunan Auta ne ke ɗaukar nauyin haƙurin a Niyok. Alhaji ya yi shiru, can ya ce, "Ni ban san na ɗora wa yaron nan wannan ba."

Duk da haka ban ce Auta ya karya katunansa ba, kuma dalilina ba kason ba ne. Mai sayen wayar hannu a intanet wajen mutumin da bai taɓa gani ba yana buƙatar kariya. Wata dokar Amurka ta 1974 ta ba mai katin bashi damar ƙalubalantar caji cikin kwana 60 in kayan da ya biya ba su iso ba, kuma in an sace lambar katin, abin da za a iya ɗora masa bai wuce dala 50 ba. Kwamfuta ɗaya da aka ceto ta wannan hanya ta fi kason watanni da yawa. A ganina wannan ne amfanin katin na gaskiya a sana'arsu. (In an mayar da kaya aka dawo da kuɗi, kason da aka bayar a kansu ma ana janye shi, sai mai lissafi ya kula.)

Sai maganar addini, wadda Alhaji ya kai wa malaminsa ba tare da ya jira ni ba. Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi, a zamanta na Riyad a shekarar 2000, ta yanke cewa bai halatta a yi hulɗa da katin bashin da aka sharɗanta ruwa a cikinsa ba, ko da mai shi ya ƙudurta biya kafin wa'adi. Ta halatta wanda babu wannan sharaɗi, da kuɗin hidima tsayayye, da la'adar da banki ke karɓa wajen mai kanti muddin bai ƙara wa mai kati farashi ba. Akwai malaman da suka sassauta wa mazauna ƙasashen da rayuwa ke wuya ba tare da kati ba, bisa sharaɗin kada su bari ruwa ya hau. Alhaji ya ce shi ba ya cikin wannan larura, yana zaune a garinsu da bankinsa da kuɗinsa. Ya sa Auta ya cire sunansa, ya sa almakashi ya yanka katin a gabana.

Tsarin da suka tsaya a kai shi ne wannan. Alhaji ya fitar da kuɗi daga jarin shago aka share tsohon bashin gaba ɗaya. Daga nan ya koma yin hidimar ginin Auta da ta Hajiya wata ɗaya gaba, kafin kaya su taso, don dalar tasi ta zauna tana jiran ranar biya. Haƙurin da ake yi wa yaran ƙauye ya dawo kan jarin Alhaji, inda ya kamata ya kasance tun farko. Ana tsayar da farashin canji a ranar da aka sayi kaya, in rubuta, saboda sefa da yuro take ɗaure, yuro ɗaya sefa 655.957, dala kuwa hawa da sauka take yi, kuma an sha samun 'yar ƙura a tsakaninsu kan wannan. Kayan shago da katin Citi kaɗai ake saye, kuma Auta ya sa bankinsa ya riƙa biyan cikakken bashin da kansa kowane wata. Na Chase ya koma na man tasi da cefanensa in rukuninsu ya zagayo. Na Capital One yana ajiye don tikiti da otal in zai zo gida.

An ɗan ja kan ko kason na wane ne. Auta ya ce na Yaya ne tunda kuɗin kayansa ne suka jawo shi. Alhaji ya ce na Auta ne tunda sunansa ne a gaba. Suka bar shi a kuɗin jirgin kaya, ana cire shi daga abin da shago zai biya.

Abu ɗaya ne bai ƙare ba. Maganar malamin ta shiga ran Auta, ya fara tambaya kan katin cire kuɗi daga asusu mai mayar da kashi 1, irin wanda Discover ke da shi lokacin da muka duba, mai iyakar dala 3,000 a wata. Babu bashi a ciki, babu sharaɗin ruwa, amma rabin kason zai samu, kuma kariyarsa wajen rigima da mai sayarwa ba ta kai ta katin bashi ba. Na lissafa masa bambancin, dala 30 a wata, na kuma gaya masa ya ware wani abu a gefe saboda kayan da ka iya salwanta in ya sauya. Ya ce zai zauna da limamin masallacinsu a can kafin ya yanke.